Ɗan makiyayi da tuƙin jirgin sama: a san hanya kafin a taɓa garke

   Ga abin da muka tattauna a shirin wannan mako, mun sa shi a takarda saboda wanda bai samu ji ba, ko wanda yake so a karanta masa a ruga.

Tambaya ɗaya ce ta yi ta shigo mana ta waya, daga bakin iyaye daban-daban: yarona ya gama sakandare, ya ce shi tuƙin jirgin sama yake so, in sayar da shanu in tura shi? Ba abin mamaki ba ne yara su fara wannan buri. Tun 2016 alhazanmu suke tashi daga filin jirgin Tamale kai tsaye zuwa Saudiyya, a 2023 kuma aka buɗe sabon ginin fasinjoji. Kullum jiragen Africa World Airlines da PassionAir suna sauka suna tashi, tafiyar da mota take kwana tana yi zuwa Akara su yi ta cikin kamar sa'a ɗaya. Yaro yana bayan shanu ya ɗaga kai ya gani, dole ya tambayi kansa, wa yake tuƙa wannan?

Amsarmu a taƙaice: ɗan makiyayi da ɗiyar 'yar kasuwa suna iya zama matuƙa, dokar aikin ba ta tambayar sana'ar uban kowa. Amma lasisi daban, aiki daban, kuma tsakanin su biyun nan ne dukiyar mutane take salwanta. Don haka mu bi hanyar daki-daki.

Likita kafin makaranta

Baba, kafin ku kira dillali, ku kai yaron wurin likita. Ba kowane likita ba, akwai waɗanda hukumar kula da sufurin jiragen sama ta amince da su. A Gana hukumar ita ce GCAA, a Najeriya NCAA, a Nijar da Burkina da Togo kuma ANAC. Mai son tuƙin jirgin fasinja sai ya ci gwajin lafiya mai daraja ta ɗaya: ido, kunne, zuciya, jini, fitsari. Sa tabarau ba ya hana aiki in dai yana gyara ganin. Abin da yake kayar da yara da yawa shi ne rashin rarrabe launi, musamman ja da kore, kuma mutum yana iya girma da shi bai sani ba. Farfaɗiya da ciwon zuciya da cutar sikila su ma suna iya rufe ƙofar. Ku kuma ƙannena, kamfanoni suna gwajin ƙwaya. Wanda ya saba da tiramol don ya jure tafiya ko aikin tasha, ya san abin zai fito.

Kuɗin wannan gwaji ɗan kaɗan ne in aka kwatanta da kuɗin makaranta. Wanda ya biya makaranta tukuna sannan likita ya kayar da yaron, ya yi asarar da ba ta dawowa. Kuma gwajin ba sau ɗaya ba ne, aƙalla sau ɗaya a shekara ake sabunta shi har ƙarshen aiki.

Takardu da karatu

Wannan ya fi shafar mu mutanen iyaka. Yaro an haife shi a ruga, babu takardar haihuwa. Makarantar firamare ta rubuta masa shekara ɗaya, katin ɗan ƙasa ya nuna wata, a fasfo kuma sunan Amadu ya koma Hamadou. A kasuwa wannan ba komai, a aikin jirgi kuwa yana iya tsayar da biza, ya tsayar da lasisi. Kowa ya san wahalar da 'yan uwanmu Fulani suke sha wurin neman Ghana Card. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yaro yana ƙaramar sakandare a daidaita takardunsa, suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya.

A karatu, abin da ake dubawa a sakamakon WASSCE shi ne lissafi, kimiyyar fizis da Turanci. Na ɓangaren Faransanci kuma BAC na kimiyya. Tun 2017 babbar sakandare kyauta ce a Gana, ga Tamasco ga Ghanasco a nan cikin gari, saboda haka matakin farko ba ya cin saniya ko ɗaya. Turanci kuwa ba na cin jarrabawa kaɗai ba. Hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta kasa iya Turancin matuƙa mataki 6, kuma sai wanda ya kai mataki na 4 yake tuƙi tsakanin ƙasashe. Ana so ya ji maganar ma'aikacin hasumiya ta rediyo cikin ƙara, ya amsa ba tare da in-ina ba. Yaron da ya tashi da Fulatanci da Hausa da Dagbanci, har da ɗan Faransancin boda, kunnensa ya riga ya saba da kama harshe.

Lasisi hawa uku

A harkar jirgi da sa'o'in da mutum ya yi a sama ake auna shi, kuma kowane tashi ana rubuta shi a littafinsa. Hawa na farko shi ne PPL, daga shekara 17, bayan aƙalla sa'o'i 40. Da shi mutum yana tuƙa ƙaramin jirgi, amma ba a biyan sa. Na biyu CPL, daga shekara 18, sa'o'i 200, ko 150 a wasu makarantun da aka amince da tsarinsu. Shi ne lasisin neman abinci, kuma sai an haɗa masa da shaidar tuƙi da na'ura kaɗai, lokacin da ba a ganin ƙasa, da shaidar tuƙa jirgi mai inji biyu. Na uku ATPL, daga shekara 21, sa'o'i 1,500. Sai da shi ake zama kyaftin a jirgin fasinja.

Makarantu sanannu a nahiyarmu akwai Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, da kwalejin Ilori, da makarantar kamfanin Ethiopian Airlines a Addis Ababa, da na Afirka ta Kudu irin su 43 Air School. Kuɗin kaiwa CPL yana farawa daga wajen dala dubu 40, a wasu ƙasashen ya haura dubu 100. Ku yi lissafin da kanku. Ko da bijimi ya kai dala dubu ɗaya, kuma kun fi ni sanin ba kowane bijimi yake kaiwa ba, bijimai 40 ke nan mafi ƙaranci. Ga kuɗin ci da kwana, ga dala tana hawa yaro yana tsakiyar karatu. Wanda kuma ya yi karatu a waje, in ya dawo sai ya juya lasisin zuwa na ƙasarsa, da jarrabawarsa da kuɗinsa.

Hangen Dala ba shiga birni ba ne

Kanawa ne suke da wannan karin magana, kuma a kansu aka ga misalinta. A 2013 gwamnatin jihar Kano ƙarƙashin Rabi'u Musa Kwankwaso ta tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙin jirgi. Gwamnati ce ta biya, yaran suka yi karatu suka dawo da lasisi. Amma da yawansu sun daɗe suna jiran aiki, alhali Kano gari ne na kamfanonin jiragen sama, Max Air da Azman duk a can suke a lokacin.

Me ya jawo? Dalili biyu. Na farko, kowane irin babban jirgi yana da shaidarsa ta daban. Wanda ya iya Embraer 145 irin na Africa World ba zai hau Dash 8 irin na PassionAir ba sai ya yi kwas ɗin wannan jirgin, makonni a aji da cikin na'urar kwaikwayon jirgi, kuma kwas ɗin yakan ci dala dubu 20 ko fiye. Na biyu, kamfani ya fi son wanda ya riga ya tara sa'o'i, sabon yaro kuwa 200 kawai gare shi. Ba a ba shi aiki don ba shi da sa'o'i, ba ya samun sa'o'i don ba shi da aiki. Yana zaune a gida kuma takardunsa suna mutuwa: ta likita shekara ɗaya ce, shaidar tuƙi da na'ura ita ma sai an sabunta, kowanne da kuɗinsa. Kamar mai kiwon da ya sayi dusa a bashi ne, dabba tana ci ba ta haihuwa.

Saboda haka duk wanda zai shiga, ya tanadi kuɗi kashi uku: na makaranta, na kwas ɗin nau'in jirgi, da na jira. Wanda yake da kashi ɗaya kawai bai shirya ba tukuna.

Akwai hanyoyin rage nauyi. Wasu kamfanoni suna biyan kwas ɗin nau'in jirgi, su sa yaro ya sa hannu zai yi musu aiki shekaru kaza, in ya tafi kafin lokaci ya biya sauran. A karanta wannan takarda da kyau, a nuna wa lauya, musamman in an ce a kawo mai tsaya masa ko takardar gida. Wasu yaran kuma suna zama malamai a makarantar da suka gama, suna koyarwa suna tara sa'o'i. Sannan ga soja. Rundunar sojan sama ta Gana tana da sansani a nan Tamale, ita take horar da nata matuƙa ba tare da iyaye sun sayar da komai ba, sai dai gurbin kaɗan ne, kuma wanda ya shiga ya zama soja da duk abin da ke cikin aikin soja. Ta wannan hanya Jerry Rawlings ya koyi tuƙi. Ta nan kuma Melody Danquah ta bi, macen da ta tashi da jirgi ita kaɗai a 1964. Iyaye mata, a lura, wannan aiki ba na maza kaɗai ba ne.

Ranar intabiyu

To a ce an yi sa'a kamfani ya kira. Me ake yi? Da farko za su duba takardu da littafin sa'o'i shafi-shafi. Ƙarin sa'a ɗaya ta ƙarya in an gano ta, an gama da mutum a wannan sana'a, don matuƙa a yankinmu ba su da yawa, kowa ya san kowa.

Sai jarrabawar kwamfuta: saurin lissafi, riƙe abu a ka, yin abu biyu ko uku a lokaci ɗaya. Sai tambayoyin sana'a, kan yanayi da inji da dokokin sama. Misali a ce masa, kana tsayin ƙafa dubu 30, daga nesa nawa za ka fara sauka? Ƙa'idar da matuƙa suke amfani da ita ita ce mil 3 ga kowace ƙafa dubu ɗaya, amsa mil 90, kuma a ka ake so ya yi. Yaron da ya girma yana juya sidi zuwa sefa, sefa zuwa naira a bakin boda, wannan ba zai ba shi tsoro ba.

Daga nan a sa shi cikin na'urar kwaikwayo, ɗakin tuƙi ne sak, har motsi yake yi. Za a kashe masa inji ɗaya, a rufe masa gari da gajimare. Sun san sabo ne, ba sa jiran ya yi babu kuskure. Suna kallon ko yana gane kuskurensa ya gyara, ko yana jin gyara, ko yana magana da abokin tuƙinsa lokacin da abu ya rikice.

Na ƙarshe zama ne gaban manyan kyaftin da ma'aikatan ofis. Tambayarsu takan zo kamar haka: lokacin hunturu ne, kun iso Tamale, hazo ya rufe, ba a ganin titin sauka. Mai ya rage daidai na komawa Kumasi ko Akara. Kyaftin ya ce a sake gwadawa sau ɗaya, kai kuma ka ga ganin bai kai ƙa'ida ba. Me za ka yi?

A nan nake so iyaye su saurara da kyau, don tarbiyyarmu ce take shigowa. Mu an koya mana kunya. Yaro ba ya kallon babba ido cikin ido, ba ya musu da shi, a wurin Fulani ma wannan yana cikin abin da ake gane ɗan asali da shi. Tarbiyya ce mai kyau a gida. A ɗakin tuƙi kuwa shirun ƙarami yana kashe mutane. Ranar 27 ga Maris 1977, a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka rasu. Kyaftin ɗin jirgin KLM babba ne a kamfaninsa, malamin matuƙa ne. Injiniyan da ke bayansa ya tambaya ko ɗayan jirgin ya bar titi, kyaftin ya ce ya bari, aka ci gaba. Bayan wannan haɗari da wasu irinsa aka sauya yadda ake horar da matuƙa a duniya, ya zama wajibi ƙarami ya faɗi abin da ya gani, babba kuma ya saurara.

Don haka amsar da suke so ita ce ta yaron da zai ce, cikin ladabi, da murya a fili: Kyaftin, ganin bai kai ba, manmu na komawa ne, mu juya. In bai ji ba ya sake faɗa. Wanda ya sunkuyar da kai ya ce duk abin da babba ya ce shi ne, ya faɗi. Wanda ya zo da tsiwa da nuna ya fi kowa sani, shi ma ya faɗi. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinku. Yaron da yake gaban garke ya hango ramin da Baba bai gani ba, ai ba ya yin shiru don kunya. Ku bar yaranku su saba faɗa muku gaskiya a gida, ku ma ku saba ji.

Bayan an samu aiki

Sabon matuƙi yana zama a kujerar dama a matsayin mataimaki, da zane 2 ko 3 a kafaɗa. Kyaftin yana hagu da zane 4. Kusan kamar yaron mota da direba ne, sai dai a jirgi su biyun duk suna tuƙi, yawanci wannan ya kai wancan ya dawo. Doka ba ta barin matuƙi ya wuce sa'o'i 900 zuwa 1,000 a shekara, saboda gajiya, don haka daga 200 zuwa 1,500 sai an haura shekara ɗaya. Kuma cika 1,500 ba ya nufin an zama kyaftin. Kamfanoni sukan nemi fiye da haka, sai gurbi ya samu, sai an ci wani kwas ɗin. Sau biyu a shekara kowa yana komawa na'urar kwaikwayo a gwada shi, har kyaftin mai furfura. Ana ajiye tuƙin fasinja tsakanin ƙasashe a shekara 65.

A manyan kamfanoni da yawa, ranar da mutum ya shiga ita ce matsayinsa a layi: ƙarin girma, hutu, zaɓin hanya, duk da ita ake bi. In ya koma wani kamfani yakan fara daga ƙasan layi. Albashin shekarun farko ba shi ne wanda ake ba da labari ba, wani ma bashin kwas yake biya da shi. Kada a sayar da garke da niyyar yaro zai mayar cikin shekara biyu.

Wanda ya jure kuwa, ƙofa tana buɗewa. Daga jiragen cikin gida ana wucewa na yanki irin su ASKY da ke Lome ko Air Peace, daga nan wasu su kai kamfanonin ƙasashen Larabawa. A watan Oktoba 2018 jirgin fasinja mafi girma a duniya, A380 na Emirates, ya sauka a Akara, kuma ɗan Gana ne, Kyaftin Solomon Quainoo, ya tuƙo shi.

Sai dai sana'ar tana da fari kamar kiwo. Ghana Airways, da aka kafa a 1958, ya durƙushe. Ghana International Airlines ya tsaya a 2010. Antrak da Starbow, waɗanda yawancinku kun gani a filin Tamale, babu su yau. A 2020 da korona ta zo, ku 'yan kasuwa kun ga bodar ƙasa a rufe har shekara biyu, matuƙa kuma a duniya dubbai suka zauna a gida. Shi ya sa yake da kyau yaro ya riƙe wani ilimin a hannu, digiri ko sana'a.

Kuma filin jirgi ba matuƙa kaɗai yake ɗauka ba. Akwai injiniyoyin gyaran jirgi, akwai masu ba da hanya a hasumiya, akwai masana yanayi, akwai masu tsara tafiya da lissafin mai da kaya. Zariya tana koyar da waɗannan, a Yamai kuma akwai makarantar EAMAC ga na ɓangaren Faransanci. Kuɗin karatunsu bai kai na tuƙi ba, kuma yaron da launi ko kuɗi ya hana shi kujerar gaba yana iya samun wuri a wasu daga cikinsu.

Hattara da 'yan damfara

Duk inda buri ya yi yawa, ɓarawo yana kusa. Za a kira ku, ko a turo saƙo ta WhatsApp ko Facebook, a ce akwai gurbi a sojan sama ko a wani kamfani, a turo kuɗi ta momo a sa sunan yaro. Rundunar sojan Gana ta sha yin gargaɗi cewa ba ta da dillalai. Kamfanin gaskiya ba ya sayar da intabiyu. Makaranta kuma, a tambayi hukumar ƙasar ko tana da rajista, a tambayi jirage nawa gare ta masu tashi, ɗalibai nawa suke layi a kansu, a nemi waɗanda suka gama a ji wata nawa suka yi da inda suke aiki yanzu. Kada a biya kuɗin duka a dunƙule, a riƙa biya mataki-mataki, don makaranta tana iya rufewa da kuɗin mutane a ciki. Zuwa da kai ya fi saƙo. Ba kwa sayen saniya a waya ba ku ga haƙoranta ba, to haka nan ma.

Baba, Inna, in yaro ya zo da wannan magana kada ku yi masa dariya, kada kuma ku kora shanu kasuwa washegari. Ku ce ya kawo sakamakon lissafi da fizis da Turanci. Ku daidaita takardunsa. Ku kai shi likitan hukuma. In ya tsallake waɗannan, a zauna da 'yan uwa a yi lissafin kashi ukun nan, a fara neman na soja da tallafin gwamnati da na kamfanoni, kuma duk abin da za a sayar a bar shanun haihuwa, don gida yana da sauran yara.

Mai tambaya ya turo ta layin shirin kamar yadda aka saba, da Hausa ko Fulatanci ko Dagbanci, za mu karanta a shiri na gaba. Na kan hanya Allah ya kai ku lafiya, na daji Allah ya tsare ku da dabbobinku. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.